Sardauna a filin fayis: Firimiyan da girma bai hana shi wasa ba

Yaron da ya tashi a Hunƙuyi ko Maƙarfi ko Ikara ba ya buƙatar a roƙe shi kafin ya shiga fili. Da zarar an kawar da amfanin gona, kowane fako ya zama filin ƙwallo. A dasa duwatsu biyu a matsayin raga, a yi ta gumurzu har ladan ya kira magariba.

Amma a bi sawun yaran nan bayan shekara goma, a duba 'yan kaɗan ɗin da Allah Ya ba su gurbin karatu a Samaru ko Kongo. Da yawansu tun a zangon farko suke rataye takalmi. Wani karatu ne ya sha masa kai, wani kuɗin abinci ma da ƙyar yake haɗawa. Akwai kuma wanda abin da ke ransa shi ne an girma. Ɗan jami'a guda, wanda idan ya je hutu har dattawan unguwa ke ce masa malam, ina shi ina gudu da gajeren wando?

Mutumin da sunansa ke rubuce a ƙofar jami'ar bai taɓa yarda da wannan tunani ba. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, jinin Shehu ne, kuma ya riƙe Arewa gaba ɗayanta. Duk da haka yakan ajiye rawani da babbar riga ya shiga fili, ya yi ta dukan ƙwallo da tafin hannu har gumi ya jiƙa shi. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan siyasarsa da addininsa da yadda aka kashe shi. Wannan ɓangare na rayuwarsa ne ba a cika waiwaya ba, alhali a cikinsa akwai amsar abin da ke jan ɗalibi zuwa fili da abin da ke riƙe shi a can.

Daga Rabah zuwa Katsina

An haifi Ahmadu a garin Rabah, gabas da birnin Sakkwato, a shekarar 1910, shekara bakwai bayan Turawa sun ci Sakkwato. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu.

Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro na zamaninsa. Daga baya aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, a lokacin da iyaye da dama ke ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗibar yaran boko. A 1926 ya samu shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Tafiyar kanta horo ce, domin kwanaki ake yi a ƙafa ana ratsa ƙasar Zamfara kafin a isa.

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a 1922, don ta riƙa yaye malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Najeriya, sai a 1948 aka buɗe ta Ibadan. Saboda haka ga saurayin Arewa na wancan zamani, Katsina ce ƙololuwar boko, ita ce jami'arsa. Ɗaliban ba su da yawa, ana tsinto su ne daga larduna, kuma shekara biyar ake yi. A zamansa ya haɗu da Kashim Ibrahim daga Borno, da Abubakar Imam, da Isa Kaita, da kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya shigo daga Bauchi a 1928.

Malaman Turawa sun fito ne daga tsarin makarantun kwana na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin rabin tarbiyya. A tunaninsu a fili ne yaro ke koyon juriya da bin doka da shugabanci. Don haka wasa yana cikin jadawali kamar lissafi da Ingilishi. Akwai kurket, akwai ƙwallon ƙafa da guje-guje, akwai kuma fayis.

Ke nan abin da ya fara kai Ahmadu fili dole ce. Babu abin ɓoyewa a nan. Sai dai dole tana ƙarewa ne ranar da aka karɓi takardar gama makaranta, shi kuwa ya ci gaba da wasan fiye da shekara talatin bayan ya bar Katsina.

Wane irin wasa ne fayis?

Matasa da yawa a yau, har da waɗanda ke iya lissafo 'yan wasan Barcelona da Arsenal a ka, ba su taɓa ganin filin fayis ba. Turawa na rubuta sunan Fives, ana kuma danganta shi da yatsu biyar na hannu. Nau'in da ya shigo Arewa ya samo asali ne daga Kwalejin Eton, makarantar 'ya'yan manya ta Ingila, inda ɗalibai suka riƙa buga ƙwallo a jikin bangon cocin makarantar. Da aka zo gina filaye na musamman, sai aka kwaikwayi wurin yadda yake, har da lungu da saƙonsa.

Filin ƙarami ne, bango uku, baya a buɗe. Akwai ɗan tudu da ya raba gaba da baya, akwai kuma wani ginshiƙi da ya ɓullo daga bangon hagu, wanda idan ƙwallo ta dake shi sai ta karkace ta bi inda ba a zata ba. Mutum huɗu ke bugawa, biyu da biyu. Da hannu ake dukan ƙwallon, dama da hagu, kuma dole ta daki bangon gaba sama da layi kafin abokan karawa su mayar. A asalin al'adar wasan babu alƙali. 'Yan wasan ne da kansu ke faɗin gaskiya idan ƙwallo ta dira sau biyu ko wani ya tare wa wani hanya.

Ana danganta shigo da shi Arewa ga wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya yi koyarwa a wannan yanki a shekarun 1920. A Ingila da ƙaramar ƙwallo mai tauri ake yi, a sa safar hannu. A nan kuwa ganuwar ƙasa ce, ƙwallo mai tauri ɓantare ta take yi, sai aka koma amfani da ƙwallon tanis. Har yau da ita ake bugawa a Najeriya.

Ahmadu dogo ne ƙaƙƙarfa, wasan ya karɓe shi. Ya yi kurket ma, amma a fayis ya yi fice har ya zama kyaftin. A littafin tarihin rayuwarsa, My Life, wanda ya fito a 1962, bai manta da ambaton wasan ba.

Domin a gane abin da ya sa ya kama shi haka, sai an tuna yadda ƙasar Hausa ta raba wasanni a wancan lokaci. Ba wai babu wasa ba ne. Akwai langa a dandali, akwai kokawa bayan kaka, akwai dambe. Amma kowanne da masu shi. Langa ta yara ce, da an fara gemu an bar ta. Dambe an san shi da mahauta. Ɗan sarauta rabonsa doki ne da sukuwa, idan kuwa an zo dambe ko kokawa, kujera ake ajiye masa ya yi kallo ya yi kyauta. Jikan Shehu ba zai ɗaura kara a hannu ya shiga da'ira ba, ko da ƙarfinsa ya kai na kowa.

Wasannin da makaranta ta zo da su ba su da wannan tambari a idon jama'a. Abin dariyar shi ne a can Ingila fayis da kurket wasannin 'yan gata ne. Da suka iso Katsina babu wanda ya san na wane gida ne, don haka ɗan sarki da ɗan alƙali da ɗan malamin zaure suka shiga tare, kowa ya sha kaye a hannun kowa ba tare da an ce an zubar da mutunci ba. Saurayi mai jini a jika da aka hana shi dandali tun yana ƙarami, ga shi an buɗe masa ƙofa.

Sai kuma maganar kyaftin. Jikokin Shehu suna da yawa a ƙasar Sakkwato, kowannensu yana da irin asalin da Ahmadu ke da shi, shi kuma maraya ne. Asali gado ne, ba shi ya nema ba. Shugabancin fayis kuwa da tafin hannunsa ya samo shi, a gaban tsararrakinsa daga larduna daban-daban waɗanda ba ruwansu da wanda ya haife shi idan ƙwallo na sama. Za a iya cewa wannan ce sarautar farko da ya ci da guminsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗalibi ke canza tafiya a harabar makaranta bayan ya ci wa ajinsu ƙwallo, ya san nauyin irin wannan abu a zuciyar matashi.

Abu na ƙarshe shi ne fayis ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Sai an samu huɗu. Wanda ya ga dama ya yi lalaci yau, akwai mutum uku da za su zo ƙofar ɗakinsa, domin rashinsa ya ɓata musu yamma. Yaran da suka zo daga Sakkwato da Borno da Bida, wasunsu ma Hausa ba harshen gidansu ba ce, a irin wannan wuri suka san halin juna: wa ke da zafin rai, wa ke karaya idan ana cin su, wa zai faɗi gaskiya idan ƙwallo ta dira sau biyu kuma babu wanda ya gani. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka, da mutanen nan aka kafa gwamnatin Arewa.

Malami, hakimi, da abin da ya faru a 1938

Ya gama Katsina a 1931, ya koma gida ya zama malami a Midil ta Sakkwato. A 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, ya hau kujerar mahaifinsa yana da shekara 24.

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu na cikin masu neman gadon, amma aka zaɓi ɗan'uwansa Abubakar, wanda ya yi shekara hamsin a kan karaga. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin masarautar. Rashin wannan sarauta ya tsaya masa a rai, kuma dangantaka tsakaninsa da fada ta yi tsami na wani lokaci.

A 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Shari'ar da aka yi zaton za ta binne shi sai ta ɗaga sunansa a tsakanin matasa 'yan boko na Arewa. Daga baya shi da Sarkin Musulmi suka sasanta.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. A 1948 ya je Ingila kwas kan sha'anin mulkin ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna. Ya zama minista a 1952, ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, sannan a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Da aka ƙirƙiro kujerar Firaminista a 1957, Tafawa Ɓalewa ne ya hau ta a Legas, shi ya zauna a Kaduna. Arewa ta samu mulkin kai a watan Maris na 1959, Najeriya kuma a 1960.

Yamma a Kaduna

A wannan matsayi ne labarin ya fi ban sha'awa. A al'adarmu babban mutum ba ya gudu, ba ya ɗaga murya, ba a ganin ƙwaurinsa. Tafiya ma a hankali yake yinta, da mutane a gaba da baya. Sardauna ya fi kowa sanin wannan, kuma babu wanda ya kai shi iya ado da ƙasaita idan an fito taro. Amma bai bar fayis ba. Idan an tashi daga aiki yakan fita fili tare da abokansa ministoci da manyan ma'aikata, da yawansu tsofaffin ɗaliban Katsina ne, a raba biyu da biyu a fafata.

Wasan ya dace da mai aiki da yawa. Ba ya buƙatar mutum ashirin da biyu ko makeken fili, kuma cikin ɗan lokaci mutum ya gaji liƙis. Ya kuma dace da wanda kowa ke durƙusa masa tun safe. A cikin bango ukun nan babu mai cewa ranka ya daɗe kafin ya kai duka.

Ba za a rasa waɗanda suka koyi fayis don kawai Firimiya na bugawa ba. Ƙaramin ma'aikacin da ba zai taɓa samun ganin Sardauna a ofis ba, idan ya iya wasa yana iya tsintar kansa a gefensa da yamma. Ana iya kiran wannan neman shiga, amma shi ma dalili ne, kuma dalili mai ƙarfi. Matashi yana kallon abin da manyansa ke yi da jikinsu fiye da yadda yake sauraron abin da suke faɗa a lasifika. Idan shugaban jami'a da farfesoshi ba su taɓa taka fili ba sai ranar ba da kofi, ɗalibi ya riga ya fahimci inda aka ajiye wasa a ma'aunin daraja.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa zuwa Ingila lokacin yana Firimiya, ya je har Eton, mahaifar wasan, ya shiga filinsu ya buga.

Kada a ɗauka filin fayis ya mayar da siyasar Arewa wasan zumunci. 'Yan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha wuya a hannun hukumomin En'e da kotunan alƙalai a zamanin mulkin NPC, an kuma zubar da jini a ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Da'irar da ke haɗuwa a fili da yamma ƙarama ce, ta mutanen da suka yi makaranta ɗaya suka san juna tun suna samari. Wanda bai bi ta wannan hanya ba yana waje. Mata kuwa ba a ma yi zancensu ba, domin Kwalejin Katsina ta maza ce zalla. Har yanzu ɗalibar da ta fito daga Kudan ko Ikara tana son ƙwallon raga ko gudu, katangar da ke gabanta ta fi ta ɗan'uwanta namiji tsawo, kuma wannan na cikin abin da tsarin su Sardauna bai taɓa ba.

Jami'ar Samaru

Babban abin da ya dami Sardauna a shekarun neman 'yanci shi ne ƙarancin 'yan Arewa masu ilimin zamani. Kudu ta yi nisa, ofisoshin Arewa cike suke da Turawa da 'yan Kudu. Daga nan manufarsa ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati ta fito, wadda ta jawo masa yabo a gida da suka a waje. Amma ba a cike kujera da wanda babu shi, dole sai an horar.

Kwamitin Ashby, wanda ya duba makomar ilimi mai zurfi a Najeriya, ya miƙa rahotonsa a 1960 da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Gwamnatin Sardauna ta haɗa cibiyoyin da ke akwai: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya da ke Samaru, Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, cibiyar binciken noma ta Samaru, da kwalejin Kano wadda ta zama ta Abdullahi Bayero. Ranar 4 ga Oktoban 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da ɗalibai 426. Shugabanta na farko shi ne Norman Alexander, masanin kimiyya ɗan ƙasar New Zealand, Sardauna kuma ya zama uban jami'ar na farko.

Zariya ta riga ta gaji al'adar Katsina tun kafin nan. An ɗauke kwalejin daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, daga can aka kawo ta Zariya a 1949, ita ce ake kira Barewa a yau. A can ne Yakubu Gowon, yaron Wusasa, ya yi suna a tsaron gida da gudun dogon zango da dambe na zamani, kafin ya shiga soja.

Jami'ar ta tashi ne a kan irin wannan tsari na kwana a makaranta. Ɗalibi yana da ɗakin kwanan da ake danganta shi da shi, yana da tsangayarsa, kuma fili yana nan kusa, ba sai ya hau mota ba. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne ginshiƙin lamarin. Ɗalibin da ke kwana a Suleiman ko Ɗanfodiyo, abokan ɗakinsa za su ja shi fili ko bai yi niyya ba, kamar yadda aka riƙa jan Ahmadu a Katsina. Wanda ke haya a cikin gari, ko yake zirga-zirga daga gida kullum, da an fito daga lacca ta ƙarshe hankalinsa na kan abin hawa. Jami'ar da ta fara da ɗalibai ɗari huɗu da 'yan kai yanzu tana da dubun dubata, kuma gadajen kwana ba su isa kowa ba. Duk wanda ke mamakin yadda yaron da ya fi kowa ƙwallo a garinsu ya ɓace daga fili bayan ya shiga jami'a, ya fara tambayar inda yake kwana da abin da ya ci da rana.

A shekarun ƙarshe na mulkinsa aka gina babban filin wasa na Kaduna mai ɗauke da sunansa. A can aka buga wasu daga cikin wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Daren 15 ga Janairu

Sardauna bai daɗe da dawowa daga Umara ba, ana cikin watan azumi, lokacin da wasu hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki na farko a Najeriya. A daren da ya waye Asabar, 15 ga Janairun 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidansa a Kaduna, suka cinna masa wuta, suka harbe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Yana da shekara 55. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Akwai wani abin lura a cikin wannan dare da ya shafi zancen wasa. Wanda ya jagoranci ɓangaren Legas, inda aka ɗauke Tafawa Ɓalewa, shi ne Manjo Emmanuel Ifeajuna. Shi ne ya ciwo wa Najeriya zinare a tsallen sama a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Vancouver ta Kanada a 1954, ya tsallake ƙafa shida da inci takwas. Hotonsa ya hau bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta a faɗin ƙasar, sannan ya yi karatu a jami'ar Ibadan kafin ya shiga soja. Turawan da suka koyar a Katsina sun yi imani fili na gyara hali. Ga gwanayen fili biyu, ɗaya na cikin waɗanda aka kashe, ɗaya na cikin waɗanda suka shirya kisan. Shi ma Ifeajuna an harbe shi a Enugu a watan Satumban 1967, lokacin yaƙin basasa.

Gidan da Sardauna ya zauna a Kaduna shi ne Gidan Arewa a yau, cibiyar adana tarihi da bincike a ƙarƙashin jami'ar da ya kafa.

Abin da ya biyo baya

A shekarar da ya rasu aka yi gasar wasannin jami'o'in Najeriya ta farko, NUGA, a Ibadan. Jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya. Bai ga 'ya'yan jami'arsa sun fita wannan fage ba.

Sunan da Samaru ta yi daga baya a harkar wasa ma ba a fayis ta yi shi ba, a ƙwallon kwando ne. Wani Ba'amurke mai horarwa, Oliver B. Johnson, wanda Zariya ta sani da OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana tara ɗalibai da yaran gari a filin jami'ar. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Wasan ya bambanta, amma kayan haɗin iri ɗaya ne da na Katsina: fili a kusa, babban da ke zuwa kullum da kansa, da abokan da ke jiran mutum.

Tafiyar da Ahmadu ya riƙa yi ta kwanaki a ƙafa don ya isa makaranta, yau ɗan Hunƙuyi ba ya cika awa guda a mota kafin ya ga ƙofar Samaru.

Shi kuwa fayis bai mutu ba, ya dai koma gefe. Ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Kano da Kaduna, galibi dattawa da tsofaffin ma'aikata ne ke riƙe da shi tare da 'yan samarin da suka taso a hannunsu. Har yanzu da ƙwallon tanis ake yi, biyu da biyu, a tsakanin bango uku. Babbar gasar da jihohi ke haɗuwa a kanta sunanta Kofin Sardauna.